Daga Igiya Zuwa Barkonon Tsohuwa

Ya kai mai karatu, abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana wasu samari ne da suka yi mini sallama bayan sallar isha'i kwanakin baya, su biyar, har da ɗan ƙanena a cikinsu. Sun shirya gasar cin kofi ta ƙwallon ƙafa tsakanin ƙauyukanmu na yankin Kadawa, sai Allah ya nufa wasan ƙarshe zai haɗa garinmu da garin da ke ƙetaren kanal, wato abokan hamayyarmu tun muna yara. Suka ce sun yanke shawara biyu, suna so in sa musu albarka tunda na daɗe ina riƙe da sakataren kwamitin wasa a zamaninmu. Ta farko, za su hana 'yan kallon wancan gari zuwa gaba ɗaya, 'yan wasa kaɗai za su zo da kocinsu. Ta biyu, za a buga wasan a cikin wata makaranta mai katanga, a rufe ƙofa, a ɗauko 'yan sanda masu yawa. Ɗan ƙanen nan nawa har da cewa, "Baffa, ai haka ake yi a Turai." Na ce masa zauna tukuna, ni ma na san wani abu a kan Turan nan, kuma na san abin da ya faru a filin firamaren garin nan tun ba a haife ka ba. Abin da na gaya musu a daren nan shi ne na rubuto maka, tare da ƙarin abin da na tuna bayan sun tafi.

Ka fara sanin yadda aka yi ƙwallo ta kama ƙasa a wajenmu. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da zarar an kai amfanin gona gida an yi damben kaka, to samari sun watse ke nan, wannan ya nufi birni cin rani, wancan ya nufi kudu. Wa zai buga ƙwallo a garin da ba kowa sai tsofaffi da awaki? Da ruwan Tiga ya biyo kanal ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da wajajen Garun Malam, aka shiga noman rani na alkama da tumatur da albasa, daga baya shinkafa ta mamaye, sai samari suka zauna gida. Ga kuɗi a aljihu, ga yamma ba aiki bayan an gama ban ruwa. Nan da nan kowane gari ya tashi da kulob ɗinsa, wani ma biyu, na manya da na yara. A rediyo kuma muna jin labarin Raccah Rovers ta Kano wadda ta ci kofin lig na ƙasa a 1978, kowane yaro yana so a ce da shi ɗan Raka.

Amma fa ruwan da ya kawo ƙwallon shi ya kawo gabar. Duk wanda ya yi noman rani ya san bambancin mai gona a saman kanal da mai gona a ƙarshensa. Na sama shi ruwa ke fara iskewa, in ya ga dama ya toshe da buhun ƙasa cikin dare ya sha har ya ƙoshi, na ƙasa kuwa ya wayi gari ya tarar da tumaturinsa ya langaɓe. Mu ne na sama, su ne na ƙasa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, mun sha yi musu wannan ɗanyen aiki. To mutumin da ka hana wa ruwa ran Talata, ran Juma'a da la'asar ya zo filinku kallon ƙwallo, kana tsammanin ƙwallon kaɗai ya zo kallo? Shi ya sa duk wanda ya ce maka rikicin wasan hamayya daga alƙalin wasa yake farawa, ka ce masa alƙali ashana ce kawai, karan tun a gona aka tara shi.

Duk da haka mun yi shekaru muna karawa ba a zubar da jini ba, kuma abin da ya tsare mu igiya ce. Igiyar rama, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan akori-kura. Ana kafa turaku a zagaye filin da ita, taku uku daga layi. Mutanenmu su tsaya gefen gabas, baƙi gefen yamma, wato gefen hanyar garinsu, don in an tashi kowa ya juya baya ya kama gabansa ba sai an cakuɗu ba. Bayan raga biyun nan ba a yarda kowa ya tsaya ba sai yara masu ɗauko ƙwallo. Dagatan garuruwan biyu ko wakilansu su zauna kan kujeru a wuri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, inda kowa yake ganinsu. Sai kuma abin da nake ganin shi ne gishirin tsarin: kowane gari ya fito da dattawa huɗu ko biyar masu tsumagiya, su juya wa wasan baya, su fuskanci mutanensu. Doka ce, ba ka dukan ɗan wani gari ko da zagin uwa ya yi maka, naka kaɗai za ka tsawatar wa. Yaron da ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya, wanda zai zabga masa tsumagiya kawunsa ne ko maƙwabcin ubansa, ya san sunansa, ya san gidansu, kuma ya san maganar za ta riga shi isa gida. Alƙalin wasa daga gari na uku ake ɗauko shi, a ajiye mai Vespa kusa, yana hura tashi a ɗora shi a yi gaba. Baƙi su fara tafiya, mu masu gida mu dakata har ƙurarsu ta kwanta.

Ba mu muka ƙago wannan ba. A fagen dambe muka gan shi, inda kowane ɓangare yake da sansaninsa, 'yan Kudu nan, 'yan Arewa can, Guramada a nasu wuri, kowa da makaɗansa da manyansa, kuma in ɗan kallo ya yi rashin kunya nasa ne za su ja shi waje.

A birni abin ya sha bamban, kuma a nan ne samarinmu suke ɗauko darasinsu. An kafa Kano Pillars a 1990, aka narkar da kulob uku wuri ɗaya, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, Alhaji Ibrahim Galadima na cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Mu mutanen noman rani muna jin muna da kaso a ciki, domin WRECA hukumar aikin ruwa da madatsu ce ta jihar Kano. Haɗewar nan ta yi wa Kano amfani, kofin lig huɗu aka ci, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ga fitar da Al Ahly ta Masar da aka yi a gasar zakarun Afirka ta 2009 har aka kai wasan kusa da na ƙarshe. Amma ta haifar da wani abu da ba a cika faɗa ba. Gari guda ya koma bayan kulob guda. In ka shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa, daga wannan kusurwa zuwa waccan "Sai masu gida" ne. Baƙon ɗan kallo, in ma akwai shi, bai fi cikin mota ɗaya ko biyu ba, ko kuma ɗan kasuwar Sabon Gari da ya ɓoye son ransa a ciki. To wa za ka raba da wa? A Turai ana raba taro biyu masu ƙarfi. A lig ɗinmu abin da ke buƙatar rabawa shi ne dubban mutane a gefe guda, da alƙalai da 'yan wasan baƙi su kamar ashirin a ɗaya gefen. Waya da katangar da ke tsakanin benci da ciyawa su ne igiyar birni, kuma ba kawun kowa a jikinsu.

Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci biyu da ɗaya, ba a ci Pillars a gida a wasan lig ba, wasa 202. Abin alfahari ne, ni ma na yi alfaharin. Sai dai yaron da ya tashi shekara goma sha biyu bai taɓa ganin an ci kulob ɗinsa a gida ba, ranar da aka yi kunnen doki ma gani yake an yi masa fashi, kuma lalle sai an samu ɓarawon. Alƙali ne mafi kusa.

Duba abin da ya biyo baya. A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da gwani da aka yi a filin Agege na Legas, an tashi ɗaya da ɗaya da Enugu Rangers, magoya baya suka afka fili suka bi alƙali, aka ci Pillars tarar Naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Sai babbar, ta watan Afrilun 2022, cikin azumi. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, ranar da ta dawo Ƙofar Mata kuwa da Katsina United aka haɗa ta. Mutane sun yi kewa, fili ya cika maƙil. Saura kamar minti goma a tashi ba wanda ya ci wani, sai taro ya ɓalle, aka tsayar da wasa, aka farfasa motar 'yan Katsina. Hukumar lig ta ci tarar Naira miliyan 9, ta zabge maki uku, ta kora Pillars Abuja. A ƙarshen kakar nan kulob ɗin da ya ci kofi huɗu ya faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ya dawo. Waɗanda suka yi jifa don kishin gida, su suka taimaka wajen rushe gidan.

Na ji wani mai fashin baƙi yana cewa wai gabar Kano da Katsina tsohuwa ce, tun yaƙe-yaƙen zamanin Sarki Kutumbi. Na yi dariya. Yaron da ya fasa gilashin motar nan ka tambaye shi waye Kutumbi ka ji. Da yawansu ma kakanninsu Katsinawa ne. Abin da na sani shi ne kowane ɓangare yana riƙe da lissafin abin da aka yi wa 'yan wasansa a wancan gari, yana jiran ranar biya, daidai yadda 'yan ƙarshen kanal suke riƙe da lissafin buhunan ƙasarmu.

An ɗauka an yi hankali, sai ga 12 ga Oktoban 2025. Pillars na gaba da ci ɗaya, Shooting Stars ta Ibadan ta farke a ƙarin lokaci, ana hura tashi mutane suka tsallako, aka daki alƙalai da 'yan wasan baƙi, jami'an tsaro suka harba barkonon tsohuwa. Wannan karon maki uku da ƙwallo biyu aka cire, tarar Naira miliyan 9 da rabi, aka kuma ce Pillars ta koma buga wasanninta na gida, ka san ina? Filin Muhammadu Dikko na Katsina. Ikon Allah ke nan. Ba a yi wata guda ba a can Katsinan ma aka yi rikici a wasan Katsina United da Barau FC, sabon kulob ɗin Kano da ya hau babban rukuni a 2025, har aka ji wa ɗan wasan Barau rauni, su ma aka kore su daga gida. Lura da abu ɗaya: a duk waɗannan ba taron baƙi ne ya yi arangama da taron masu gida ba. Ko da an hana kowane baƙon ɗan kallo shiga, da abin da ya faru sai ya faru.

To bari mu je Turan da ɗan ƙanena yake faɗa. Gaskiya ne suna raba 'yan kallo, kowa da ƙofarsa, kowa da hanyarsa, a kan tsare baƙi a ciki bayan an tashi har sai masu gida sun watse, a raka su tashar jirgin ƙasa. Amma da gawa suka sayi wannan ilmi. A ranar 29 ga Mayun 1985, a filin Heysel na ƙasar Beljiyam, wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, abin da ya raba magoya bayan Liverpool da wani sashe da ya cika da Italiyawa 'yar siririyar waya ce da 'yan sanda ƙalilan. Aka ture wayar, mutane suka gudu suka matsu a jikin bango, bango ya rufta, mutum 39 suka mutu. Wannan rabo ne da bai yi ƙarfi ba. Shekara huɗu bayan nan, 15 ga Afrilun 1989, a filin Hillsborough na Ingila, sai aka ga kishiyarsa. An kewaye 'yan kallo da shingen ƙarfe kamar garken shanu don kada su shiga fili. 'Yan sanda suka buɗe wata babbar ƙofa don rage cunkoson waje, mutane suka kwararo cikin kejin da ya riga ya cika, na gaba ba hanyar fita, aka matse su a jikin ƙarfe. Rayuka 97 suka tafi a sanadin ranar, ba tare da wani ya yi faɗa da wani ba. Aka ɗora laifin kan magoya baya, iyalan mamatan suka yi ta fafutika har 2016 kafin bincike ya wanke su. Bayan wannan masifa Ingila cire shingayen ta yi, ta sa kujeru, ta ƙara masu kula da taro waɗanda ba sa riƙe da makami. Wato sun dawo kusa da dattawanmu masu juya wa wasa baya, sai dai su riga mai ƙyalli suke sawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Gana, don akwai namu a ciki. Ranar 9 ga Mayun 2001, a birnin Accra wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, Hearts of Oak ta karɓi Asante Kotoko ta Kumasi, wasan da ya fi kowane zafi a ƙasar. Hearts ta ci biyu a ƙarshe-ƙarshe ta juya wasan biyu da ɗaya. Magoya bayan Kotoko suka fara ɓalle kujerun roba suna jefowa. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin benci. Mutane suka ruga matakala, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu 'yan unguwannin zango ne irin su Nima, inda ake jin Hausa kamar a Fagge. An gurfanar da manyan 'yan sanda shida, kotu ta sallame su. Ka auna da kanka, kujerar roba nawa ce ta kai ran mutum ɗaya? A Masar kuma, birnin Port Said, 1 ga Fabrairun 2012, magoya bayan Al Masry suka tsallaka suka afka wa baƙinsu na Al Ahly, baƙin suka nufi hanyar fita suka tarar an garƙame, mutum 74. A ƙasar Indunusiya, 1 ga Oktoban 2022, wasan Arema da Persebaya, an ma hana magoya bayan baƙi zuwa gaba ɗaya, daidai shawarar samarinmu ta farko. Masu gida suka sha kashi, wasu suka shiga fili, aka harba hayaƙi, aka matsu a ƙofofi, mutum 135. Alhali dokar FIFA ta tsaron filaye ta hana shiga da irin wannan hayaƙi don sarrafa taro. Mu ma nan gida ba baƙon abu ba ne, a 1979 a babban filin Surulere na Legas, bayan wasan IICC Shooting Stars da Bendel Insurance, fitilu suka ɗauke, aka yi turereniya wajen fita, mutum 24 suka rasu.

Da na kai nan sai ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Malam, ai mu taronmu bai kai dubu biyu ba." Na ce to saurari namu.

A cikin shekarun 1990 'yan siyasa suka gano ƙwallo. Aka fara sa kofi da sunan wane da wane, aka sa kuɗi da babur, wasan da a da ake yi don a samu abin tsokana a bakin kanal ya koma abin da ake cin riba. Aka fara hayo 'yan wasa daga birni a ce 'yan gari ne, su kuma su taho da abokansu, wasu da abin da ke cikin aljihunsu. Wata shekara muka kai wasan ƙarshe da mutanen ƙetare. Kwamiti, kuma ni ne mai riƙe da biro a cikinsa, muka ga igiya da tsumagiya ƙauyanci ne, manyan baƙi za su zo. Muka ce wa dattawa su huta, muka ba su benci a inuwa. Muka ɗauko 'yan sanda, aka biya kuɗin mai. Ba laifinsu kaɗai ba ne, domin ba wanda ya zauna da su ya nuna musu gabas da yamma, su kuma da suka zo sai suka jeru inda aka kafa rumfar manya, tunda nan suka ga masu manyan riguna. Don rumfar ta samu inuwar darbejiya kuma, muka juya tsarin tsayuwa, baƙi suka koma gefen da in za su tafi gida sai sun ratsa ta cikinmu. Bayansu kuwa kanal ne, cike da ruwa.

Ana cikin zagaye na biyu alƙali ya ba mu fenareti. Ko daidai ne ko ba daidai ba, har yau in an haɗu wajen ɗaurin aure ana musu. Wani ya jefo dutse, wani ya rama. A da, nan take kawun mai jifan zai riƙe masa kunne. Ran nan ba kowa a tsakani. Kafin 'yan sanda su taso daga rumfa an cakuɗe, su kuma ba su san ɗan gari ba, ba su san baƙo ba, duk wanda kulki ya samu shi ne mai laifi. Sai muka ji fau, hayaƙi ya tashi. Yawancinmu ba mu taɓa shaƙar barkonon tsohuwa ba, mutane suka ɗauka harbi ake. Baƙi suka ga gabansu mu ne, suka juya baya, bayan kuwa ruwa. Manya suka tsallake ko suka yi iyo, yara masu tallan rake da gyaɗa suka rufta. Allah ya sa akwai masu ban ruwa a kusa, su suka dinga tsamo yara da hannu da kotar fartanya. Ba a rasa rai ba, kuma wallahi ba da dabararmu ba ne.

Ƙanen matata yana cikin baƙin, don daga garin na auro ta. Dutse ya same shi a ido, kuma daga gefenmu dutsen ya fito. Aka kai shi asibiti a birni, idon bai dawo ba. Da na je gaishe shi surukina bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, an ce kai ne mai rubuta tsarin." Na ce ni ne, Baba. Bai ƙara komai ba, ni ma ban samu abin ƙarawa ba. Matata ta yi wata uku ba ta yi mini maganar da ta wuce ga abinci ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a ido ba. Ranin nan zaman rabon ruwa bai yiwu ba, don ba mai son zama inuwa ɗaya da wani. Namu suka toshe, nasu suka zo da dare suka fasa, aka kwana gadin kanal da gora. Tumaturin da ya kamata ya isa Kwanar Gafan ya bushe a gonakinsu, namu kuma ruwa ya kwanta masa ya ruɓe. Sai da hakimi ya tara dagatan biyu aka yi sulhu, ƙwallo kuwa mun yi shekara huɗu ba mu kara ba. Da aka dawo, ba wanda ya yi jawabi a kai, sai kawai muka ga tsofaffin nan sun zo da turakunsu.

Kada ka fahimce ni a karkace, ban ce a kori 'yan sanda ba. Zamani ya canza. Yanzu akwai ƙwaya, akwai 'yan daba masu zuwa daga nesa a kan babur waɗanda ba su da kawu a filin, kuma tsumagiyar dattijo ba ta tsorata mai wuƙa. Akwai caca a waya, yaro ya zuba kuɗin takinsa a kan wasa. Dole a samu hukuma. Abin da na ce wa samarin shi ne su je wurin DPO tun saura mako, su da wakilan garuruwan biyu, a zana filin a takarda, a nuna masa inda kowa zai tsaya da inda kowa zai fita. A roƙe shi jami'ansa su tsaya a kan hanyoyin shigowa suna lalube, wasu su tsare alƙali, a bar 'yan sintirin kowane gari da dattawansa su fuskanci nasu. A roƙe shi kuma, da girmamawa, a bar hayaƙin nan a mota. Batun makaranta mai katanga kuwa na ce sam, ƙofarta ɗaya ce, faɗinta bai wuce a kori amalanke ba. Hana baƙi zuwa ma ban yarda ba. Za su zo ko an hana, sai dai su zo a ɓoye cikin fushi su tsaya inda suka ga dama, maimakon su zo da dagacinsu a gaba. Ban da haka, rabin matan garin nan daga can aka auro su, ka hana wa ɗan'uwan matarka kallon ƙwallo ran Juma'a, ran Asabar kuma ku haɗu a bakin kanal.

Ba duka suka gamsu ba. Biyu daga cikinsu har yanzu suna ganin katanga ta fi, kuma ɗan ƙanena ya ce shi dai abin da ya dame shi kuɗin ƙofa, don a buɗaɗɗen fili ba mai biya. Wannan matsala ce ta gaske, ban kuma da amsarta, sai dai na ce a zagaya da kwano wurin dillalan shinkafa. Sun tafi a kan za su sake zama da mutanen ƙetare.

Shekaranjiya da safe ina gona sai ga yaro a kan keke, wai an aiko shi daga can. Ƙanen matata ne, mai ido ɗayan, yanzu shi ne shugaban 'yan sintirin garinsu. Ya ce a gaya mini shi zai riƙe gefen yamma, mutum shida zai zo da su, in tambayi namu ko nawa za su fito. Ya kuma ce igiyarsu ta tsufa, ba za ta zagaye fili ba, ran kasuwar Kura in sayo ƙari za su biya rabi.